Tudun da Na'ura Ba Ta Taɓa Hawa Ba

Ajingi, 28 ga Afrilu

Zuwa ga Uwata, Halimatussa'adiyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ya karatu, ya sanyin Turai? Mu nan zafi ne ke gasa mu, har bijimaina sun daina gardama. Mahaifiyarki Hajja tana gaishe ki. Ita za ta ɗauki hoton takardar nan da wayarta ta turo miki, don haka in kin ga babban yatsa a gefe, ba nawa ba ne.

Kin ce in riƙa turo murya kamar kowa. Na ƙi. Bakina ya fi hankalina gudu, biro kuwa yana jira na. Kuma aji biyar ɗin da na yi a firamare, kafin lissafin rabawa ya kore ni, bai kamata ya tafi a banza ba.

Ga abin da na fahimta daga bayanin da kika yi mana a waya ran Juma'a, ki gyara in na karkace. Takin zamani daga iska ake ciro shi. Iskar taurin kai gare ta, ba ta ba da kai sai an kwantar da ita a kan wani ƙarfe an hura mata wuta mai tsanani. Ke kuma kin koya wa kwamfuta halin ƙananan abubuwan nan da ido ba ya gani, wa ke jan wa, wa ke ture wa, har ta gano wata gajeriyar hanya da za a yi aikin ba sai da wutar nan duka ba. Na ce ashe sana'ata kika gada! Shekara talatin ina horar da shanun huɗa, ke kina horar da na'ura. Bambancin kawai, na'ura ba ta tunkuyi.

Yanzu ga laifina. Na shiga kasuwar Gaya duba wani maraƙi, na zauna wurin mai shayi, na ce 'yata ta gano hanya. Kafin in sha rabin kofi, hanya ta zama taki. Kafin la'asar, taki ya zama kyauta. Da na fito tasha, wani mai babur da ban taɓa gani ba ya ba ni labarin wata yarinya 'yar Ajingi da ke matse iska da kwamfuta, buhuna na zubowa. Na ce masa ikon Allah. Ban ƙaryata ba, Uwata, don daɗi na ji.

Bafulatanin nan abokin wasana, Alhaji Bubayero, wanda yanzu shi ke shugabantar ƙungiyar manomanmu, ya ce za su shirya miki walima a Gaya rana ta uku ga Babbar Sallah, tunda kin ce za ki zo. Har da ƙyalle mai hotonki. Na ce a zaɓi hoton da kika fi kama da ni, ya ce walima ake so ba korar jama'a ba.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki,
Kashim mai shanu

*

4 ga Mayu

Baba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ku da girmamawa, kai da Hajja da duk mutanen gida. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Fahimtarka ta yi daidai. Sai dai wani abu ya faru bayan Juma'ar nan.

Iskar sunanta naitirojin. Ƙwayoyinta biyu-biyu suke, a manne gam, kuma kafin a samu taki sai an raba su a kan fuskar ƙarfe. Akwai lissafi na ainihi da ke faɗin yadda kowace ƙwaya ke jan 'yar'uwarta ko ture ta, amma jinkiri gare shi. Zama ɗaya na ƙwayoyin yakan ci wa babbar kwamfutar jami'a awa biyu, mu kuma miliyoyi muke buƙata. Shi ya sa na yi shekara uku ina tara misalai dubu goma sha biyu daga wannan lissafin, na koya wa na'ura da su, har ta iya cankar amsa cikin ƙiftawar ido.

Rabuwar ƙwayoyin kamar hawan tudu ne. In tudun dogo ne, sai an sa wuta da yawa. Na'urata ta ce a kan wani haɗin ƙarfe da muka gwada akwai hanyar da tudunta gajere ne ƙwarai. Murnar da na yi muku ke nan.

A makon jiya na ɗauki ƙololuwar tudun na mayar wa lissafi na ainihi. Baba, tudun ya kusa ninka abin da na'urar ta faɗa. A cikin misalan da na koya mata babu ko ɗaya mai kama da wurin. Ba ta taɓa zuwa can ba. Canka kawai ta yi.

Na kai wa Farfesan da ke duba aikina. Ya ce lissafi ɗaya ba ya rushe aikin shekara uku, kuma ya riga ya sanar da masu ɗaukar nauyin binciken. Ya ce a tura takardar a buga a ƙarshen wata, gyara daga baya. Sannan ya tuna mini, yana murmushi, cewa izinin zamana a ƙasar nan zai ƙare a Satumba, kuma sai da sa hannunsa ake sabuntawa.

In na yi shiru, zan gama digirina bana, in zo walima. In na yi magana, ina iya dawowa hannu rabbana bayan shekara huɗu. Ga shi kuma Gaya duka ta ji. Ina ganin shirun zan yi.

Na san Hajja za ta ce a karanto mata. Don Allah ka tsallake rabin ƙarshe.

'Yarka,
Sadiya

*

Ajingi, 9 ga Mayu

Uwata,

Wa alaikumus salam. Gaisuwa a taƙaice yau, don biron da zafi yake.

Na karanto wa Hajja duka, ban tsallake ko ɗigo ba. Ta ce 'yar Kashim da yin shiru, sai dai in musanya mata jaririya aka yi a asibiti.

Bari in ba ki labarin da ban taɓa ba ki ba. Kina aji biyu a sakandare na horar da bijimai biyu, Goje da Ɗan Fari, wata shida a jigawar Ajingi, ƙasa mai yashi. Kunyar da suke ja kamar an sa zare. Wani mutumin Kademi ya saye su. Na san gonarsa a fadama take. Na san shanuna ba su taɓa taka laka ba. Bai tambaya ba, ni kuma ban faɗa ba. Na ce a raina ai sa sa ne, ƙasa ƙasa ce.

Ruwan farko mai ƙarfi, suka jawo amalanke cike da takin gida, suka nufi laka kai tsaye da irin takun da suke yi a yashi, ko tsayawa su shinshina ba su yi ba. Bijimin da bai san wuri ba amma yana jin tsoro, da sauƙi. Nawa ba su ma san ba su sani ba. Goje ya karye a ƙafa, aka yanka shi a nan. Mutumin bai kai ni ƙara ba, bai zage ni ba. Ƙafar ya aiko mini a buhu, babu saƙo. Hajja ta tambaya ko a dafa. Na ce ba a gidan nan ba.

Tun ranar, duk bijimin da zai bar hannuna sai na kai shi laka, na kai shi kwalta, na kai shi gada da tsakiyar kasuwa. Inda ban samu kai shi ba, in faɗa wa mai saye a gaban shaidu.

Tambaya ɗaya daga ɗan aji biyar. Ni in ina son sanin inda horo bai kai ba, karkiya nake kallo. A ƙasar da suka sani, kafaɗa ɗaya suke tafiya. Inda ba su sani ba, wannan ya ja gabas, wancan ya ja yamma. Ke na'ura ɗaya kika horar, ko tana da abokiyar karkiya?

Batun Gaya da walima kayana ne. Ni na ɗaura, ni zan sauke, kada ki ɗora a kanki. Digirin kuwa ina son sa, Allah ya sani. Har na gwada a gaban madubin Hajja yadda zan riƙa amsa sunan Baban Dakta. Amma wani zai gina masana'anta a kan maganarki, ya jawo amalankensa ya nufi laka. Ban yarda ki yi shiru ba. In kin yi, 'yata ce ke har gobe, amma ki sani ban yarda ba.

Shi kuma Farfesa mai murmushi, ki gaishe shi, ki ce wani jahili a Ajingi ya ce a'a.

Allah ya tsare ki.

Babanki

*

Ofishin Shugaban Ƙungiyar Manoma,
Gaya, 15 ga Mayu

Zuwa ga Malam Kashim, Ajingi,

Bayan sallama irin ta addinin Musulunci da fatan alheri ga iyali.

Saƙonka na baki ya iso gare ni, cewa a cire maganar taki daga walima domin binciken ya samu matsala. Na zaɓi in amsa a takardar ofis don ka san yau ba wasan Fulani da Barebari nake yi ba.

Katin gayyata ya fita, manyan baƙi sun amsa. Wannan duk ƙarami ne. Babban shi ne, magidanta uku daga Balan sun same ni da ƙafarsu, sun ce 'ya'yansu mata za su ci gaba da karatun kimiyya saboda labarin Sadiya. Shekara nawa muna lallashin mutanen nan ba su ji ba? In ka tashi ka ce babu komai, ka san abin da za su yi.

Ban ce a yi ƙarya ba. A yi addu'a, a ci abinci, a watse. Kafin kaka kowa ya manta. Ita ma ka ba ta shawara ta bi malaminta. Wanda ya kai farfesa ya fi ni da kai sanin tudu.

Ina fatan za ka duba wannan da idon dattako, ko da aro ne.

Wassalam,
Alhaji Bubayero, Shugaba

*

Ajingi, 16 ga Mayu

Zuwa ga Bubayero, bawan gidanmu da aka ba aron kujera,

Salamu alaikum. Na karanta takardarka sau biyu, na farko don ma'ana, na biyu don in more kallon hatimi.

Maganar 'yan matan nan ta taɓa ni, ba zan ɓoye maka ba. Ko abincin rana ban ci na kirki ba, kuma ka san wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurina. Amma jiya Abdulmuttalib na Balan ya tare ni a hanya, ya ce bana ba zai sayi taki ba, na Sadiya zai jira. Mutum mai baki goma sha ɗaya a gida. Kuma ba shi kaɗai ba ne. Kai ka ce kafin kaka kowa ya manta. Rumbu ba zai manta ba.

Uban da ya bar 'yarsa a makaranta don buhun taki, ranar da buhu bai zo ba zai cire ta, ya haɗa da zagin boko. Gara ya ji daga bakin da ya fara ɓarnar.

Kada ka soke walima. Ka ba ni lasifika minti biyar. In ka hana, ka san muryata. Da ita nake juyo bijimai daga ƙarshen gona.

Ubangidanka,
Kashim

*

27 ga Mayu

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku, ina gaida Hajja. Ka yafe jinkirin amsa. Tambayarka ce ta hana ni rubutu, don amsarta ba ta yi mini daɗi ba.

Huɗu na horar, ba ɗaya ba. Haka ƙa'idar aikin take, don a gane inda ba su da tabbas. A ko'ina bakinsu ɗaya, sai a ƙololuwar tudun. A nan ɗaya ta ce gajere ne, sauran ukun kowace da abin da ta faɗa. A takardar da za a buga, ta farkon kaɗai aka nuna. Na ga wannan tun watan Maris. Farfesa ya ce a bar sauran don kada zanen ya cunkushe, ni kuma na yarda, don ina son amsar ta zama gaskiya. Laifin ba nasa kaɗai ba ne. Lokacin da nake muku murna a waya, na san da ukun nan.

Ran Litinin muka yi taron mako na 'yan sashenmu. Na haska zanen na'urorin huɗu a bango, na ɗora lissafi na ainihi guda bakwai da na ƙara yi. Duk bakwai ɗin sun ce tudun dogo ne.

Farfesa ya ce, "Wa ya ba ki izinin ɓata lokacin kwamfuta a kan wannan?"

Na ce, "Babu."

Ya ce, "Kin san abin da kike yi kuwa?"

Na ce, "Sunana ne na farko a takardar, kuma na cire shi."

Ashraf, wani ɗan Masar da muke ofis ɗaya, ya sunkuyar da kai har aka tashi. Daga baya ya ajiye mini shayi a tebur ya fita.

Washegari aka rufe mini hanyar shiga babbar kwamfuta. Na rubuta wa kwamitin sashe, za su zauna ranar ashirin ga Yuni. Ba zan zo Sallah ba, don in na fita ban san ko za a bar ni in dawo ba. Ka ba Alhaji Bubayero haƙuri.

Ina jin tsoro, Baba. Amma abinci ya fara shiga, wanda rabona da haka tun Maris. Ku sa ni a addu'a.

'Yarka,
Sadiya

*

Ajingi, 10 ga Yuni

Uwata,

Assalamu alaikum, barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Ragon bana ƙarami ne amma ya yi ƙoƙari. Hajja ta soya rabonki ta ajiye, ta ce ba ruwanta da kwamiti.

Batun ukun da kika ɓoye, kin yi laifi, kin faɗa da bakinki a gaban mutane. An wuce wurin.

Yanzu ki gyara zama ki ji walimar da aka yi miki ba ke. Rumfa uku, kujeru har da masu hannu. Ga ƙyallen hotonki, mai zanen ya ƙara buhun taki a gefenki yana sheƙi. Aka yi addu'a, aka yi jawabai. Bubayero ya miƙo mini lasifika kamar mai miƙa wuƙa ga mahaukaci, ya ce, "Minti uku, Babarbare."

Na ce, "Jama'a, babu taki. Yarinya ba ta taɓa cewa akwai ba. Ni na faɗa, kuma kun san ni, in na ga maraƙi a hanya kafin in iso gida ya zama garke. Duk mai jiran takin Sadiya ya tashi gobe ya nemi na kasuwa."

Wuri ya ɗauki guna-guni. Abdulmuttalib na Balan, wanda ya ƙi sayen taki yana jiran naki, ya miƙe ya ce, "Malam Kashim, ka cuce ni! An yi ruwa biyu, sai yanzu za ka faɗa?"

Na ce, "Na cuce ka, ka yafe mini. Huɗar gonarka bana a kaina take, duka."

Ya ce, "Da shanu za ka yi, ko da bakin naka?"

Aka kwashe da dariya, ni ma na taya su, don ya yi gaskiya. Sai wani daga baya ya ɗaga murya, "To shekara huɗu me ta je yi? Me ta gano?"

Na ce, "Ta gano na'urarta ta yi kuskure. Mai saye bai gani ba, ba wanda ya gani sai ita da malaminta, kuma takardar zamanta a aljihunsa take. Ta tashi a gabansa ta faɗa. A cikinku nan, wa ya taɓa warware ciniki don aibun da shi kaɗai ya sani? Ya ɗaga hannu in gani."

Wani ya yi tari. Ni ma hannuna a aljihu yake, Uwata.

Babban baƙo ya tuna yana da wani taro. Shinkafa dai ba ta yi fushi da kowa ba, an cinye ta tas.

Akwai magidanta uku da suka yi niyyar barin 'ya'yansu mata su ci gaba da kimiyya saboda ke. Ɗaya ya tashi tun ina magana, ya ce dama ya san bokon nan surutu ne. Wannan asarar a wuyana take, kuma zan bi shi gida sai ya gaji da ganina. Na biyu ya ci shinkafarsa ya tafi. Na uku ya same ni a gefe ya ce tasa, A'isha, ta fi ƙarfi a lissafi, wane fanni ya kamata ta bi? Na ce ka tambayi wanda lissafi ya kora daga makaranta, amma zan tura maka tambayar inda ta dace. Ga ta nan na turo.

Bubayero ya juya mini baya har aka watse. Sai da zan hau babur ya ce, "Kai dai Allah ya shirye ka." A bakin Bafulatani wannan kirari ne.

Ranar ashirin ga wata ki shiga ɗakin kwamitin nan da kanki a sama. Ki gaishe su da ladabi, sannan kada ki rage musu ko lamba ɗaya.

Allah ya ba ki rinjaye.

Babanki

*

23 ga Yuni

Baba,

Assalamu alaikum, ina gaishe ku.

Kwamiti ya zauna. An dakatar da takardar. Ba su ce Farfesa ya yi laifi ba, ba su ce ni na yi ba, saɓanin fahimta suka kira shi. Shi kuma ya ce ba zai ƙara duba aikina ba.

Wata malama a sashen ta karɓe ni, kuma za ta sa hannu a izinin zamana. Sharaɗinta, in koma in koya wa na'urorin ƙololuwar tudun tun daga farko, kuma duk abin da ya fito shi zan rubuta, ko da babu wata gajeriyar hanya. Wata goma sha takwas ne aƙalla. Babu digiri bana, wataƙila har baɗi.

Ka ce wa baban A'isha ta riƙe lissafi da kimiyyar sinadarai, zan rubuto mata da kaina.

Na daɗe ban gan ku ba. In kun ce in dawo, zan dawo.

'Yarka,
Sadiya

*

Ajingi, 24 ga Yuni

Uwata,

Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi.

Zauna.

Hajja ta shiga ɗaki ta ɗan jima, ta fito ta ce in tambaye ki ko akwai mai zuwa a aiko miki da kuka da daddawa. Wannan ita ce amsarta. Masu tambayata yaushe za ki dawo, na tanadar musu tasu: sai ta gama. Kada ki sake tambayarmu ko ki dawo.

An yi ruwa jiya, ƙasa ta yi laushi. Gobe da sassafe gonar Abdulmuttalib, eka huɗu, kuma ya rantse a inuwa zai zauna yana kallona. Zan je in ɗaura karkiya. Ke ma koma bakin aikinki.

Allah ya yi miki albarka.

Babanki,
Kashim